Wuta Ba Ta Cin Dalma

Bayan haka, jama'a, ga wata mas'ala da ta cancanci masu mulki da manoma su tsaya su duba.

A manyan biranen Turai ana zuba shara cikin babban tanderu a ƙone ta, a sami wutar lantarki. Amma fa wuta ba ta cin ƙarfe. Dalma da tutiya da ke cikin sharar sukan taru a cikin lallausar tokar da ke tashi tare da hayaƙi, wadda ake tarewa da matata. In aka jibge wannan toka ruwan sama ya ratsa ta, sai gubar ta narke ta bi ƙasa ta shiga rijiya. Wanda ya tuna yara fiye da 400 da gubar dalmar haƙar zinariya ta hallaka a Zamfara a 2010, ya san wannan ba abin wasa ba ne.

To, malaman Jami'ar Birshiya a ƙasar Italiya, ƙarƙashin Farfesa Elza Bontempi, sun nemi maganin a gona. Italiya ta fi kowace ƙasar Turai noman shinkafa, ɓuntu kuwa yakan kai kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera. In an ƙone shi, mafi yawan tokarsa silika ce, watau sinadarin da ke cikin rairayi. Sai a gauraya ta da tokar tanderu da wasu tokoki masu alli, a kwaɓa da ruwa, a bar ta ta bushe. A nan dalma take ɗaurewa, har ruwa ya kasa wanko ta sai ɗan abin da ba a rasa ba. Sharaɗin shi ne kada wutar ɓuntun ta wuce kima, domin in ta tsananta silikar takan ƙandare, ƙarfinta ya ragu.

Fa'idar a fili take. Duk hukumar da ta yi niyyar gina tanderun ƙona shara, wajibi ne ta fara bayyana inda tokar za ta, da yadda za a ɗaure gubarta, tun ba a aza tubali ba. Masu injin casa kuma su daina ɗaukar tsibin ɓuntu a kan juji, su san dukiya ce. Bayan an ɗaure gubar ma, lalle a riƙa auna ruwan da ya ratsa tokar, gama ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido.

Allah Ya kiyashe mu, amin.