Hunturun Jos da Mai Keke: A Sayi Fitila Kafin Rigar Sanyi

 

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, kekunan da aka jingine a zaure suka yi tsatsa sun dawo kan titi. Ni ma na kakkaɓe tsohon Raleigh na mahaifina, kuma da shi nake zuwa aiki daga Gangare. To amma na lura da zarar Disamba ta kama, da yawa daga cikinmu sai su sake jingine keken, wai sanyi. Waɗanda suka daure kuma sai su ruga Katako su zuba kuɗinsu a kan jibgegiyar rigar gwanjo, su ɗauka shiri ya kammala. A ganina duka biyun kuskure ne. Gaskiya garin nan yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma sanyin asubarsa ba wasa ba ne, amma abin da ya fi barazana ga mai keke a hunturu shi ne hazo da ƙura.

Bara a watan Janairu, bayan sallar asuba, saura ƙiris wata motar tumatir ta kwashe ni a hanyar Farin Gada. Direban ya sauko yana rantsuwa cewa bai gan ni ba sai da ya iso kaina. Da na dubi kaina, sai na ga gaskiyarsa: baƙar riga, baƙar hula, keke ba fitila, ga hazo, ga rana ba ta fitowa sai wajen bakwai saura. Tun ranar na sauya tsari.

Na farko dai fitila: fara a gaba, ja a baya. Dinamo irin na iyayenmu yana dushewa idan kana hawan tudu a hankali, ya mutu idan ka tsaya, wato daidai lokacin da ka fi bukatarsa. Ƙananan fitilun da ake cajinsu kamar waya sun fi. In babu hali, ɗaura tocila da roba a gaba, ka manna tef mai ƙyalli a feda da bayan kariya. Ka kuma ɗora riga mai ƙyalli irin ta ma'aikatan titi. Wasu za su yi maka dariya, amma dariya ba ta karya ƙafa.

Na biyu, hanci da ido. Ƙurar hunturu mai laushi ce, tana shiga har huhu, kuma mai tuƙa keke yana shaƙar iska fiye da mai tafiya a ƙasa. Rawani ko ƙyalle yana rage wa, amma takunkumin N95 ya fi tacewa, ko da yake yana sa numfashi nauyi a kan tudu, sai ka sassauta. Sa farin tabarau, domin baƙi yana ƙara maka duhu da asuba. Mai ciwon asma kuwa, ranar da hazo ya yi kauri ya hau mota, babu abin kunya.

Na uku, tufafi. Jibgegiyar riga tana sa ka jiƙe da gumi kafin ka ƙare hawa, sannan a gangara iska ta bugi gumin, nan ne sanyi yake kama mutum da gaske. Gara riguna marasa kauri biyu ko uku, ta sama mai zif wadda iska ba ta ratsa ta, ka buɗe a tudu ka rufe a gangara. Ko jarida ka cusa a ƙirji tana tare iska. Yatsu da kunne su ne ke fara sandarewa, kuma sandararren hannu ba ya matse birki da wuri, don haka safar hannu ba ado ba ce. Sa siririyar hular sanyi a ƙarƙashin hular kwano, ka cusa ƙafar wando cikin safa kada sarƙa ta kama, ka shafa man kaɗanya a leɓe da hannu.

Na huɗu, shi kansa keken. Al'adarmu ta kwarara baƙin mai a kan sarƙa ita ke cinye ta, domin ƙura na manne wa man ta zama kamar yashin goga ƙarfe. Wanke sarƙar da kananzir, ka ɗiga man keken ɗinki kaɗan, ka goge sauran da tsumma, sau ɗaya a mako. Duba robar birki, ka kuma latsa taya kowace safiya.

Na san wani zai ce, "Malam, wanda ya hau keke don ba shi da kuɗin mota, ina ya ga kuɗin duk wannan?" Magana ce mai ƙarfi. Amsata ita ce a bi su daki-daki: fitila tukuna, sai takunkumi, sai safar hannu. Riguna kuwa akwai su a gida. Duk wannan bai kai kuɗin ɗori da zaman wata biyu ba sana'a ba, kuma mafi yawanmu sai mun fita iyali ke ci.

A garin Oulu na ƙasar Finland yara suna zuwa makaranta a kan keke cikin dusar ƙanƙara, domin hukuma na share musu hanyoyinsu na musamman. Mu ba mu da irin wannan gata, titi ɗaya muke rabawa da tirela da Keke Napep. Saboda haka nake roƙon limamai da masu unguwanninmu su riƙa tunatar da masu fita da asuba, mahauta da masu shayi da 'yan makaranta, cewa kada keke ya bar gida ba fitila. Iyaye kuma a duba na yara tun da dare.

Allah Ya tsare mu a hanya, Ya ba mu lafiya da zaman lafiya. Wassalam.