Tumbi Ba Shaidar Arziki Ba Ne

'Yan'uwa Musulmi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙididdige cewa a shekarar 2022 baligai miliyan 890 ne ke fama da muguwar ƙiba. A Amurka da Ingila ta fi kama matalauta da masu ƙarancin karatu, musamman mata, domin can abincin maiƙo da zaƙi shi ne mai araha. A ƙasarmu kuwa al'amarin ya juya. Manomi yana can yana huɗa, ita ko ƙiba ta tare a birni, gidan attajiri da ma'aikacin gwamnati. Daga mota sai kujera, ga lemon kwalba, ga tsire bayan lisha. Sa'an nan a ce Alhaji ya ajiye tumbi, arziki ya zauna!

Ina daɗin arzikin da ke jawo ciwon sukari da hawan jini, har sujada ta gagara? Aya ta 31 cikin Suratul A'arafi ta halatta ci da sha, ta hana ɓarna. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito kuma ya kasa ciki uku: abinci, abin sha, numfashi. Ba mu ce a yi wa mai ƙiba ba'a ba, wani gādo ya yi, wani lalura ce. Amma wanda masallaci ke bayan gidansa, me ya kai shi tayar da mota?