Sikelin Manyan Motoci: Takarda Ba Ta Gyara Awo

Sanin kowa ne Kano gari ne na awo, tun zamanin dalar gyaɗa har zuwa yau da tireloli ke lodin hatsi a Dawanau. Idan sikelin auna mota ya yi kuskuren kashi ɗaya bisa ɗari a kayan tan 30, kilo 300 ke nan, wato buhu uku. Attajiri ba zai haɗiye wannan hasara ba. A kan mai awon kwano ɗaya a Mandawari za ta ƙare.

Saboda haka duk wanda ya ƙago dabarar gano kuskuren sikeli ya cancanci yabo. Amma da abin lura. Dokar mallakar ƙirƙira ta 1970 ta sharɗanta dabara ta kasance sabuwa, sai dai magatakarda ba ya bincika wannan kafin ya ba da takarda. Kotu ce ke yin hukunci in gardama ta taso. Ashe takardar ba ta tabbatar da sabunta ba, balle ingancin awo.

Tabbatar da sikeli aikin sufetocin awo ne, bisa dokar 1974. Wajibi ne gwamnati ta wadata su da duwatsun gwaji da motocin rangadi.