Yaron Shago Ma Zai Iya Rubuta Manhaja



A ganina lokaci ya yi da samarinmu na Sabon Ibadan da Agege za su ɗauki rubuta manhajar kwamfuta a matsayin sana'a, kamar canji ko fataucin albasa. Ba sai da digiri ba. Shafin W3Schools na koyar da HTML tun daga tushe, freeCodeCamp kuma, da aka kafa a 2014, kyauta yake ba da darasi da aikin gwaji. Ka sauke VS Code, ka fara da Python, ka ajiye aikinka a GitHub inda masu ɗaukar aiki za su ga hannunka. In ka maƙale, leƙa Stack Overflow.

Wani zai ce Turanci da kuɗin data fa? Wanda ya koyi Yarbanci a bakin kasuwa, wannan Turancin ba zai gagare shi ba. Datar da muke ƙonawa a kallon ƙwallo kuwa ta isa.

Sai dai kada a tsaya tara darussa. Ka rubuta ƙaramar manhaja mai lissafa bashin shagon Baba, domin littafin bashi in ruwa ya jiƙa shi, kuɗin sun tafi.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.