RUMBUN ANNABI YUSUFU: ABIN DA YA HAƊA MUSULMI DA KIRISTA

Yau ina so mu yi shawara bisa wata magana wadda galibi ba a tada ta sai bayan ɓarna ta auku, watau zaman Musulmi da Kirista a ƙasarga tamu.

Wani zai ce: mi ya kawo wagga magana a Tasawa ko Mayahi, inda Kirista ba su da yawa? Gaskiya ne. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna fiye da kashi 99 cikin 100 na ƴan Nijar Musulmi ne. To, ƙarancin nasu shi ne dalilina. Mutumin da ba ka taɓa zama da shi ba, duk abin da anka faɗa maka a kansa sai ka yarda.

Mun ga inda haka ta kai mu. Ranakun 16 da 17 ga Janairu na 2015, saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, anka yi tarzoma a Damagaram da Yamai. Mutum 10 sunka rasu, kuma ƴan sanda sun ƙidaya majami'u 45 da anka ƙone a Yamai kaɗai, alhali Kiristan Nijar ba su da hannu cikin zanen. A watan Yuni na 2019 kuma, bayan kama wani limami da ya soki dokar tsara ayyukan ibada, anka sa wuta ga wata majami'a a unguwar Zariya ta Maraɗi. Daga Maraɗi zuwa Tasawa kimanin kilomita 120 ne. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ra'ayina shi ne ruwan yana kusa, cikin littattafan da kowane ɓangare yake girmamawa, kuma ana samun su da Hausa. An buga Littafi Mai Tsarki na Kirista cikakke da Hausa tun 1932. Malam Abubakar Gumi kuma ya fassara ma'anonin Alƙur'ani Mai Girma zuwa Hausa, anka buga a 1979. Ni aikina juya magana ne daga wani harshe zuwa wani, saboda haka nakan lura da kalmomi. Masu fassarar nan ba su zauna tare ba, amma rijiya guda sunka ɗebo: Allah, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, addu'a. Ibrahim da Musa da Dawuda da Sulemanu suna nan ko'ina. Maryamu, uwar Annabi Isa, ita kaɗai ce macen da Alƙur'ani ya ambata da sunanta, har sura ta 19 tana ɗauke da shi.

Bari in kawo misalin da manomin Kanambakashe ko na Korgom zai gane nan take. Labarin Annabi Yusufu yana cikin sura ta 12 ta Alƙur'ani, yana kuma cikin Littafin Farawa, daga babi na 37 zuwa na 50. Sarkin Masar ya yi mafarkin shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu. Yusufu ya fassara shi da shekara bakwai na ƙoshi, bakwai na yunwa a bayansu. A Alƙur'ani ya ba da shawarar a bar hatsi cikin zangarniyarsa, kamar yadda muke ajiye damman gero a rumbu ba tare da sussuka ba. A Farawa ya ce a riƙa tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona. Wanda ya ga yunwar 1984 da ta 2005 a jihar Maraɗi ya san wanga labari ba tatsuniya ba ne. Ƙarshensa kuma, cikin littattafan biyu, Yusufu ya yafe wa ƴan'uwansa da sunka jefa shi a rijiya, ya ciyar da su. Tanadi da afuwa: ga darasi biyu da liman da fasto za su iya yin wa'azi a kansu ba tare da kowa ya taɓa aƙidarsa ba.

Kada a ce ina neman gauraya addinai. Bambanci yana nan, kuma babba ne. Kirista sun yarda an gicciye Almasihu, suna kiransa Ɗan Allah. Musulmi ba su yarda da ko ɗaya ba. Musulmi sun shaida annabcin Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi. Kirista ba su shaida ba. Wanda ya ɓoye wannan don neman shiri, ya ha'inci ɓangarorin biyu. Amma littattafan da kansu sun koyar da yadda za a zauna da bambancin. Suratul Ankabuti, aya ta 46, ta hana jayayya da Ma'abota Littafi sai ta hanya mafi kyau. Suratul Hajji, aya ta 40, ta jera wuraren ibadar Nasara da na Yahudu tare da masallatai cikin abubuwan da Allah yake karewa daga rushewa. A Linjilar Markus, babi na 12, Almasihu ya sa kaɗaitakar Ubangiji da ƙaunarsa a gaba, sa'annan ƙaunar maƙwabci. Wanda ya ɗauki ashana ya nufi majami'a, da wanda ya zagi annabin maƙwabcinsa, kowannensu littafinsa ya fara saɓa wa.

Tarihi ma ya gwada mana hanya. Wajen shekara ta 615, da Musulmin farko sunka yi hijira zuwa Habasha, sarki Kirista, Najjashi, shi ya ba su mafaka, bayan Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya karanta masa Suratu Maryam. A 2007 malaman Musulunci 138 sunka rubuta wa shugabannin Kirista takarda bisa kalma ta daidaito da Suratu Ali Imrana, aya ta 64, ta yi kira gare ta. A 2019 Shehun Azhar, Ahmad al-Ɗayyib, da Paparoma Faransis sunka sa hannu ga takardar ƴan'uwantaka a Abu Dabi. Kusa da mu, a Kaduna, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda da abokan gaba ne, sun haɗu tun 1995 suna sasanta jama'a.

A nan gida kuwa, marasa lafiya ba su tambayar addinin likita a Galmi ko Danja. Sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo na mishan ya fara yaɗawa a jihar Maraɗi a 1983, manoma Musulmi ne sunka riƙe shi har gonaki sunka sake cika da itatuwa. Inuwar gawo ba ta zaɓen mai hutawa.

Ga abin da nake roƙo. Hukumomin gundumomi da sarakunan gargajiya su riƙa tara malamai da fastoci lokacin da ake lafiya, kada su jira sai hayaƙi ya tashi. Gidajen rediyon karkara su ba liman da fasto fili, kowa shi faɗi abin da littafinsa ya ce game da maƙwabci, da maraya, da bashi, da tanadin hatsi. Ku kuma da kunka yi yaƙi da jahilci, karatunku amana ne. In an turo maku magana a waya cewa littafin wasu ya ce kaza, ku tambayi sura da aya, ku duba, ko ku kai ga malami mai sani, kafin ku miƙa wa wani.

Rashin sani ya fi dare duhu. Allah shi ba mu damina mai albarka, shi zaunar da ƙasarmu lafiya.