Gadar Carter: ba tsufa ne ya kashe ta ba

Jama'a, kun ji ana maganar rushe gadar Carter ta Legas a gina sabuwa, har wasu na cewa ai ta tsufa ne. Wane irin tsufa? Wadda Turawa suka gina a 1901 don haɗa Iddo da Idumota, wadda ƙaramin jirgin ƙasa ke bi ta kanta, tuni aka cire ta. Wannan da ake hawa yanzu a shekarun 1970 aka sake gina ta. Gada mai shekara hamsin ai ko furfura ba ta fara ba.

Ginshiƙanta a cikin yashin ƙarƙashin ruwa aka kafa su, yashin ne ke riƙe da su. Sai aka zuba ido masu haƙar yashi suna ta kwashewa, ruwan gishiri kuma yana cin ƙarfen. Ministan ayyuka David Umahi da bakinsa ya yi kukan haƙar yashin nan. To ina masu sa ido suke duk tsawon shekarun nan? Duk wanda ya yi aikin gwamnati kamar ni ya san fayil ɗin gyara a durowa yake kwana, don babu romo a ciki. Na sabuwar kwangila kuwa, wallahi har gudu yake yi.

Kai kuma mai cewa ina ruwanmu da gadar Legas, je ka tambayi 'yan kasuwarmu da ke sarin kaya a Idumota da Balogun. Kuɗin sabuwar ma daga baitulmalin tarayya za su fito, naka da nawa. Kafin a sa hannu a kwangila, a fito mana da rahotannin injiniyoyi, a faɗi a teburin wa suka maƙale.