Littattafan soyayyarmu sun manta da matar da ta fita takaba

A 1979 wata marubuciya 'yar Kanada mai suna Janette Oke ta fitar da littafin Love Comes Softly. Labari ne na wata matashiya, Marty, wadda mijinta ya rasu suna kan hanyar ƙaura zuwa yammacin Amurka, ya bar ta da ciki, ba dangi kusa, ga sanyin hunturu na ƙaratowa. Wani manomi da shi ma ya rasa matarsa ya aure ta don ta riƙa masa 'yarsa, ƙauna kuma sai daga baya ta shigo. Littafin ya buɗe kasuwa guda ta labaran soyayya na Kiristoci, masu komawa tarihi, masu zama a ƙananan garuruwa, inda addu'a da maƙwabta ke taya mutum jinyar zuciya.

Wanda ya karanta shi a Haɗejiya ba zai ga baƙon abu ba. Auren bazawara da wanda ya rasa mata, don a rufa wa juna asiri a riƙe marayu, abu ne da ake ɗaurawa a Auyo da Guri da Kafin Hausa kowace shekara. Abin mamakin shi ne yadda littattafan Hausa ba su cika waiwayarsa ba.

Ba wai marubutanmu ba su iya ba. Hafsatu Abdulwaheed ta fito da So Aljannar Duniya tun 1980. Balaraba Ramat Yakubu, a Alhaki Kuykuyo Ne, ta nuna yadda matar da miji ya kora da 'ya'yanta ke tsayawa da ƙafarta da sana'ar abinci. Ado Ahmad Gidan Dabino ya girgiza kasuwa da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990. Sai dai da rubutun ya koma wayar hannu, ana sakin shafi-shafi a WhatsApp, sai akasarin labaran suka tare a Nasarawa GRA da Maitama da Dubai. Idan an kashe miji a babi na uku, to don a buɗe wa wani ɗan attajiri hanya ne. Kafin a juya shafi an gama wata huɗu da kwana goma, amarya har ta sha lalle.

To amma cikin waɗannan kwanakin ne labarin yake. Mace na zaune a ɗaki, ba kwalli ba turare, masu gaisuwa suna shigowa da "ya haƙuri?", tana amsawa da "haƙuri sai ma'aiki" ko "da godiya". Bayan sadakar bakwai tabarmin ƙofar gida ya naɗe, kwanukan abincin maƙwabta su fara raguwa. Ƙanin mamaci ya fara zancen gonar fadama. Uwarta ta aiko a ji ko za ta dawo gida. Wa ya taɓa zama ya rubuta wannan sannu a hankali?

Kuma ƙasar Haɗejiya ta san rashi iri-iri. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin ta sauya. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyinsa, ta zama mafakar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun rushe gidajen ƙasa, sun shanye gonaki, samari suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna tare jinga. A watan Oktoba na 2024 tankar mai ta kama da wuta a Majiya, kan hanyar Kano zuwa Haɗejiya, mutum fiye da 150 suka rasu, yawancinsu maza masu jini a jika. Kowane ɗayansu ya bar wata tana jira. Jaridu sun kawo adadi, suka wuce.

Ga mai son tarihi kuma, kayan aiki na nan jibge. A watan Afrilu na 1906 sojojin Turawa suka afka wa Haɗejiya, Sarki Muhammadu ya faɗi a fagen daga tare da jarumansa, abin da ya sa har yau ake kiransa Mai Shahada. Ana ambaton mazajen da suka tsaya. Matan da suka wayi gari cikin takaba a gari guda, a rana guda, babu wanda ya ba su ko da babi ɗaya. Haka zamanin Sarki Buhari, da yaƙe-yaƙensa suka tashi ƙauyuka a tsakiyar ƙarni na 19. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nuna hanya tun a Shaihu Umar, inda uwa ta bi sahun ɗanta har ƙetaren hamada, amma waɗanda suka bi bayansa ba su da yawa.

Wasu za su ce mai sayen littafi hutu yake nema, ba makoki ba. Wadda ta yini tana surfe ba ta son a sake kai ta gindin turmi. Akwai gaskiya a ciki. Amma masu karatun Oke ma hutu suke nema, kuma labaranta da aure da farin ciki suke ƙarewa. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta kuma nuna cewa mata na rubuta labaran zawarci da gudun hijira, jama'a na kasa kunne.

Akwai ma wata riba. Tun kafin a ƙona littattafan soyayya a Kano a 2007 ake zarginsu da ɓata tarbiyya. Labarin da imani da ƙaddara ke cikin jininsa, ba wa'azin da aka liƙa a shafin ƙarshe don a tsira daga masu tacewa ba, shi ne amsar da ta fi ƙarfi.

Saboda haka marubutan Jigawa, musamman matan Haɗejiya da Malam Madori da Kiri Kasamma, su daina aron titunan Abuja. Su je wurin tsofaffin da suka ji labarin 1906 daga bakin kakanninsu tun suna da rai, su zauna da matan Majiya idan sun yarda, sannan su ɗauki alƙalami.